Ungozoma da Inshorar Lafiya: Nawa Ne Kuɗin Rakiyar Mai Naƙuda?

Gabatarwa

A ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, da wuya a sami unguwa ko ƙauyen da babu ungozoma. Ita ce mai yanke cibiya, da binne mabiyiya, da wankan jariri, da kula da mai jego har a yi suna. Ladanta kuwa bisa al'ada bai wuce sabulu da hatsi da ɗan kuɗi da kason naman suna ba. Wannan darasi zai duba tambaya guda: idan gwamnati ta sanya rakiyar mai naƙuda cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya, me za ta kashe, me kuma jama'a za su samu?

Abin da ke faruwa a jikin mai naƙuda

Mahaifa tsoka ce. Abin da ke sa ta matsawa a lokacin naƙuda shi ne wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ke fitowa daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da kan jariri ya danni bakin mahaifa, sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, a ƙaro sinadarin, matsawar ta ƙara ƙarfi, har a haihu.

To amma idan tsoro ya kama mace, jikinta yakan saki wani sinadarin daban, wato adirenalin, wanda aikinsa shirya mutum domin gudu ko faɗa. Yawansa yana raunana matsawar mahaifa, yana kuma rage jinin da ke isa gare ta. Manoma da makiyaya sun san haka tun da daɗewa, domin akuya mai naƙuda idan aka dame ta takan jinkirta haihuwa. Ke nan kwantar da hankalin mai naƙuda yana da tushe a ilmin halittu.

Likitoci sun gwada wannan. A shekarar 1980 aka buga sakamakon wani bincike da su Dokta John Kennell da Dokta Marshall Klaus suka yi a ƙasar Gwatemala, inda suka ga naƙudar matan da aka ba 'yar rakiya ta fi gajarta. A 2017 kuma masana suka tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, waɗanda suka shafi mata fiye da 15,000. Sun gano cewa rakiyar da ba ta yankewa tana rage haihuwa ta hanyar tiyata da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, tana kuma rage tsawon naƙuda da kusan minti 40. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita lokacin haihuwa.

Yadda Amurka ta yi lissafinta

A Amurka ana kiran irin wannan 'yar rakiya da suna dula. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Aikinta lallashi da shafa baya da bayani da tsayawa tsakanin mai naƙuda da ma'aikatan asibiti. Shirin gwamnati na kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, mai suna Medicaid, shi ke biyan kuɗin kimanin haihuwa huɗu cikin goma a ƙasar. Jihohin Oregon da Minnesota ne suka fara biyan dula daga wannan asusu a wajejen 2014, wasu jihohin suka bi sahu. Hujjarsu ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na haihuwa a can ta tiyata ake yi, tiyata kuwa tana da tsada, saboda haka abin da aka rage a can zai iya biyan dula.

Lissafi a allo

Bari mu gwada wannan hujja da alƙaluman misali, waɗanda muka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce mata 1,000 za su haihu, ana biyan 'yar rakiya ₦5,000 a kan kowace. Jimla ₦5,000,000 ke nan. A ce kuma kowace tiyata ta fi haihuwar da aka saba tsada da ₦100,000.

Inda ake yi wa mata 32 cikin 100 tiyata, mata 320 ne cikin dubun. Idan aka rage kashi ɗaya cikin huɗu, an kauce wa tiyata 80, an tsimi ₦8,000,000. An biya 'yan rakiya, har da rarar ₦3,000,000.

Inda kuwa ake yi wa mata 3 cikin 100, mata 30 ne kacal. Abin da za a kauce wa bai wuce tiyata 8 ba, wato ₦800,000. Gwamnati ta cika sauran ₦4,200,000 daga aljihunta.

Nijeriya tana cikin rukuni na biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne na haihuwa ake yi ta tiyata, kuma a Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000. Matsalarmu, ashe, matan da ke bukatar tiyata ne ba sa samunta.

Inda ribar take

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kunya, musamman a haihuwar fari, da jiran izinin maigida suna cikin na farko. Ga shi kuwa gab da haihuwa jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita a minti guda, don haka zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuma ita ke jawo yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

A nan ungozoma take da amfanin da babu mai maye gurbinta, domin tana shiga kowane gida, surukai da mazaje kuma suna jin maganarta. Daga shekarun 1970 an yi ta horar da ungozomomi su karɓi haihuwa, amma zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka fahimci cewa horon bai rage mace-mace yadda aka zata ba, saboda ba su da ƙarin jini ko ɗakin tiyata. Aikin da ya dace da ita shi ne ta gane alamun haɗari, ta raka mace asibiti, ta zauna da ita. Jihar Ondo, wadda ta fara shirin Abiye a 2009, ta bi wannan hanya daga baya, inda ta riƙa biyan ungozomomi idan sun kai mai ciki asibiti.

Sai dai a lura, idan shirin ya yi nasara kuɗin da za a kashe ƙaruwa zai yi, domin za a bukaci ƙarin gadaje da ma'aikatan jinya da magunguna da jini.

Daga ina kuɗin zai fito?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Katsina ma ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Tiyata kyauta kuwa ba ta amfanar matar da ba ta iso asibiti ba.

Kammalawa

Biyan ungozoma ladan rakiya ba zai rage wa gwamnati kashe kuɗi a ƙasar Daura ba. Ma'aunin da ya kamata a auna shi da shi shi ne yawan matan da suka isa asibiti a kan lokaci, da yawan waɗanda suka koma gida da ransu da jariransu.

Tambayoyi domin ɗalibai

1. Bayyana yadda tsoro ke tsawaita naƙuda.
2. A misalinmu, mata nawa cikin 100 ya kamata a ce ana yi wa tiyata kafin rarar ta biya 'yan rakiya daidai?
3. Da izinin malaminku, ku tattauna da wata ungozoma a unguwarku, ku rubuta alamun da takan gani ta ce a tafi asibiti.