Yadda Ake Zana Fastar Rijiyar Kusugu Irin ta Mutanen Da

Duk wanda ya ratsa Daura ana gab da Sallar Gani, ko a kakar zaɓe, ya san irin fastocin da ke cika bango: kawunan manya biyar ko shida a jere, launi ya haura goma, rubutu ya toshe kowane lungu, har mai kallo ya rasa inda zai ajiye ido. Kwamfuta ta sa komai ya yi arha, mai zane kuwa ya daina zaɓe. Masu zanen talla na da ba su sami wannan gatan ba. Tun da Alois Senefelder ya ƙago bugu da dutse a Jamus a 1796, kowane launi da dutsensa, kowane dutse kuma kuɗi ne da gumi. Shi ya sa Jules Chéret, wanda ya cika bangayen birnin Faris da fastoci daga shekarun 1860, yakan gama aiki da duwatsu uku ko huɗu. Namu masu rubuta allon aski da masu zanen bayan manyan motoci fa, gwangwanin fenti nawa ne gare su? Ƙarancin kaya ne ya koya musu faɗin abu ɗaya da ƙarfi. Wannan hanyar za mu bi mu yi wa Kusugu fasta.

Mataki na farko: je ka tsaya a bakin rijiyar

Kada ka zana Kusugu daga hoton intanet. Rijiyar yanzu tana cikin ginin da aka yi mata, kuma baƙi na zuwa su ja guga su ɗanɗana ruwan. Ka gaida masu kula da wurin, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, sannan ka roƙi a ba ka labarin ko da ka san shi tun kana firamare: macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya bari a ɗebi ruwa sai ran Juma'a, baƙon nan Bayajidda da ya sauka gidan tsohuwa Ayyana da dare ya nemi ruwa, saran da ya yi wa macijin, Magajiya Daurama, Bawo da 'ya'yansa, Hausa Bakwai. Yayin da ake ba ka, idonka na kan abubuwa: faɗin bakin rijiyar, yadda igiya ke miƙewa in guga ta cika, duhun da ke ciki. Ka zana su da fensir a tsaye.

Mataki na biyu: zaɓi abu ɗaya, ka kori saura

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancin masu zane ke sarewa. Labarin Kusugu mai kaya ne. Ga doki, ga takobi, ga sarauniya, ga maciji, ga tsohuwa, ga garuruwa bakwai, kowanne yana neman wuri a takarda. In ka biye musu, littafin tarihi za ka yi, ba fasta ba.

Akwai wani matashin mai zane a Balin, Lucian Bernhard, da ya shiga gasar zana tallar ashanar Priester wajen 1906. Yadda ake ba da labarin, ya fara da teburi mai shimfiɗa, da farantin toka, da sigari yana hayaƙi, da 'yan rawa. Sai ya riƙa shafe su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ƙwayar ashana biyu jajaye a kan fili mai duhu, da sunan kamfanin a samansu. Da wannan ya ci gasar, kuma har yau ana koyar da ita a makarantun zane. Ka yi wa Kusugu irin wannan sharar.

Ni a ganina, fuskar mutum ce ya kamata ta fara fita. Babu wanda ya san kamannin Bayajidda ko na Daurama, kuma duk mai zanen da ya matsa sai ya nuna su, a ƙarshe fuskar jarumin fim ɗin Indiya yake arowa, ko ta wani barden Larabawa na jikin kalanda. Ban da haka, gidaje da shaguna da yawa a ƙasar Hausa ba sa son rataya surar mutum, kai kuwa so kake a rataya aikinka. Doki ma ya fita, tunda kowace masarauta tana da doki. Abin da Daura kaɗai ke da shi, shi ne rijiyar da macijinta.

Ga shawara ɗaya. Ka zana bakin rijiyar kamar kana leƙa ta daga sama: baƙar da'ira babba, ta cinye kusan rabin takardar daga ƙasa. Daga can saman takarda igiya ta sauko a miƙe, fara sol, da guga a bakinta. A gefen da'irar, jikin maciji ya kewaye bakin rijiyar ya zama shi ne dakalin, kansa ya ɗago yana fuskantar gugar. Shi ke nan. Wanda ya san labarin zai gane kafin ya karanta harafi ɗaya, wanda bai sani ba kuma zai tambaya. In kana son Hausa Bakwai su shigo, kada ka kawo taswira. Ka ƙulla wa igiyar ƙulli bakwai, na Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, ka bar mai lura ya ƙirga da kansa. Gugar kuwa ta zama wasaki na fata mai tattararren baki. Bokitin roba zai kashe maka zanen.

Idan fastar Sallar Gani ce kake yi, tambayar ba ta canza ba: wane abu ɗaya? Kakaki guda da ya ratsa takardar daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi dawaki ashirin amo. Ka duba fastar jirgin ruwa na Normandie da Cassandre ya zana a 1935: goshin jirgin kawai ya nuna, daga ƙasa, ya sa 'yan tsuntsaye ƙanana a gindinsa don a ji girmansa. Haka za ka iya sa 'yan zankwayen soro ƙanana can ƙasa, kakakin ya yi musu rumfa.

Mataki na uku: gwaji ƙanana

Kafin ka taɓa babbar takarda ko kwamfuta, ka yi zane-zanen gwaji girman kwalin ashana, baƙi da fari kawai, ba ado. Ka matsar da rijiyar sama, ka karkata igiyar, ka juya kan macijin. Wanda ya fito fes a wannan ƙanƙantar, shi zai fito a bango. Ka nuna wa yaro, ka tambaye shi me ya gani. In ya ce taya da wayar wuta, koma.

Mataki na huɗu: launi uku, takarda ta zama na huɗu

Ba sai ka je nesa neman launi ba. Jan ƙasa irin na ginin soro da aka shafe da makuba, shuɗin baba mai duhu irin na rini, baƙi irin na tawadar allo, sai takarda mai ruwan madara ta tsaya a madadin fari. Na Gani kuwa ja da kore na rigunan dogarai sun isa, ka ƙara ruwan ɗorawa don kakaki.

Kowane launi ya kwanta shimfiɗe, ba dusashewa daga haske zuwa duhu, ba walƙiya, ba inuwar da kwamfuta ke sa wa haruffa. In kana son inuwa a jikin maciji, ka yanka ta da baƙi, gefenta a tsaye. Masu bugun da suna da wata dabara ta tsimi: inda launi biyu suka hau juna sai a sami na uku kyauta, kamar shuɗi a kan ruwan ɗorawa ya ba da kore. Da ka gama shafawa, ɗauki hotonsa da waya ka mai da shi baƙi da fari. Jan ƙasa da shuɗin baba sukan zo nauyi ɗaya, su haɗe su zama toka. In haka ta faru, ka haskaka ɗaya, ko ka raba su da siririn layin takarda.

Wasu kan jiƙa takarda da ruwan shayi, ko su sa mata tabon ƙarya a kwamfuta, wai don ta yi kama da tsohuwa. Bar wannan. Ranar da aka liƙa fastocin da, sababbi ne fil.

Mataki na biyar: rubutu

KUSUGU da manyan baƙaƙe, DAURA a ƙarƙashi. In akwai taro, ƙara rana da wuri. Sauran bayani, da sunayen iyayen taro da manyan baƙi, a kai su katin gayyata. Masu rubuta allo suna da ma'auni: tsawon harafi inci ɗaya ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Wanda zai hango daga tsallaken titi, ƙafa arba'in, yana bukatar harafi mai inci huɗu.

Ka zana kalmar Kusugu da hannu, ko da sauran aikin a kwamfuta kake yi. Harufanta shida sun dace da mai zane, don U uku ke ciki, kowanne kuma siffar guga gare shi. In kana neman salon baƙaƙen da, ka nemi tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, ka ga yadda ake tsara kanun labarai da talla, da bangon littattafan da Kamfanin Gaskiya ya buga bayan kafa shi a 1945. Fastocin Turawa na wancan zamani ma abin dubawa ne, irin waɗanda hukumar tallata kayan daular Ingila ta fitar tsakanin 1926 da 1933. Amma ka ɗauki hannunsu ka bar musu idonsu, domin a yawancinsu baƙar fata ɗan dako ne kawai, mai ɗaukar kaya zuwa jirgi.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne tarkon kwamfuta. Yawancin salon haruffa na ado ba su da su, sai ka ga “ƙofa” ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, ko na'ura ta aro shi daga wani salo ya tsaya bare a tsakiyar kalma. Noto da Charis SIL da Andika suna da su. In kuma fastar za ta tsallaka Kwangwalam zuwa Damagaram, ka tuna a Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y.

Ajami yana ƙara wa fasta kwarjini, kuma akwai dattawa da almajirai da shi za su fara karantawa, kamar yadda suke karanta na jikin naira 200 da 500 da 1000. Ka kai wa malami mai kyan hannu ya rubuta maka da alƙalamin kara, da wasulla cikakku, sannan ka kwafa. Sai dai kada ka sa aya, kada ka sa sunan Allah. Takardar bango ƙarshenta ƙasa, ko bakin akuya.

Ado a gefe? Dagi ɗaya ƙarami a ƙasa, ko siririn layi da ka aro daga zayyanar allo. Kada ya fi haka.

Mataki na shida: bugu

Hanyar da ta fi kusa da aikin da ita ce bugu da rariyar yadi, irin wadda masu buga riguna ke yi: kowane launi da firam ɗinsa. A fara da mai haske, a gama da baƙi, a bar kowanne ya bushe kafin na gaba. Ka manna 'yan guntayen kwali a teburi, biyu a gefe ɗaya a ƙasa, yadda kowace takarda za ta zauna wuri guda. In launi ya ɗan goce da kaurin gashi, kada ka damu, wannan gocewar ce ke nuna hannu ya taɓa. In kwafi kaɗan kake so, ka yanka zanen a kwali mai kauri ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi, ka dangwala fenti da soso. Soson ya zama kusan busasshe, in ba haka ba fenti zai kutsa ƙarƙashin yankan.

Wanda zai kai maɗaba'a kuwa, girman A2, wato milimita 420 da 594, ya dace da bango, A3 kuma da shago ko falo. Ka shirya fayil ɗin a tsarin launi na CMYK, ɗigo 300 a inci, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka kuma mai da rubutun zane kafin ka fitar da PDF, don kada kwamfutarsu ta cinye maka lanƙwasa. Ka ce takarda marar sheƙi kake so. Za su yi ta lallashinka da mai sheƙi ko ledar bana, ka tsaya kan bakanka. Kada ka biya cikon kuɗi sai an buga maka gwaji ɗaya ka fita da shi rana ka duba, don shuɗin da ke haske a allon kwamfuta yakan fito a mace a takarda.

Mataki na bakwai: izini da liƙawa

Kusugu ba ta rasa masu ita ba. In za ka sa sunan Masarautar Daura, ko tambarinta, ko ka ce da yawunta kake, ka bi ta fada tukuna a ba ka izini. Kada ka rubuta cewa ruwan yana maganin kaza, kada kuma ka ƙaƙaba shekarar da aka kashe macijin. Labarin baka ne, ka bar shi a matsayinsa.

Gani a watan Rabi'ul Awwal ake yi, ranar kuma sai an ga wata, saboda haka ka bar farin fili a ƙasan fastar, ka buga kwanan da hatimi ko ka rubuta da hannu bayan an yi sanarwa. Da haka ragowar bana za ta yi maka baɗi. Watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: in ya faɗo cikin damina ka nemi ƙarƙashin rumfa, in cikin rani ka guje wa bangon da rana ke duka da yamma, don ja ne ke fara koɗewa. Ka dama sitacin rogo da kauri, ka shafa wa bango da bayan takardar, ka lailaye daga tsakiya zuwa gefe da tsumma. Bangon fada, da na masallaci, da na ginin rijiyar, ba wurin liƙi ba ne. Tasha, bakin kasuwa, shagon tela da teburin mai shayi sun fi, bayan ka tambayi mai wurin. Kwafi goma na farko kuwa ka sa musu hannu da shekara, ka ajiye su a shimfiɗe tsakanin kwali biyu, a saman kabad, inda gara ba ta kai.