Wurin hutawa a bakin Kogin Yobe: da me za mu gina?

Tambaya: Malam, mu matasan Kumagannam ne mazauna Gashuwa. Mun haɗa kuɗi za mu gyara wurin zama a bakin kogi. Tayil za mu sa ko siminti?

Amsa: Ɗana, ku ajiye zancen tayil tukuna. Ku fara neman dattijon masunci ya nuna muku inda ruwa yake tsayawa a watan Satumba, lokacin da ruwan Haɗeja da na Jama'are suka tumbatsa. Ku yi ginin sama da nan, don kada damina ɗaya ta cinye kuɗinku.

Tayil santsi gare shi. Yaro ya fito daga ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, sai faɗuwa. Ku zuba siminti mai kaushi, ku daɓe gaɓar da duwatsu saboda zaizaya. Benci na ƙarfe kuwa, na taɓa zama a kansa a watan Afrilu, ban ƙara ba. Azarar giginya ta fi, gara ba ta cika damunta ba. Rumfa kuma ga ciyawar kacalla nan ta toshe ruwa har Nguru, ku yanka ku yi rufi. Ku dasa dogon yaro, ku killace shi daga awaki.

Mashayar shanu da matsayar kwale-kwale dai, kada ku tare su.