Amsoshin Tambayoyinku: Fanshon Wanda Lalura Ta Zaunar

Wani bawan Allah daga Malumfashi, ma'aikacin gwamnatin tarayya da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar tun bai cika shekara 50 ba, yana tambaya ko ya halatta ya taɓa kuɗin fanshonsa.

Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ko da yake Dokar Fansho ta 2014 ta ƙayyade shekara 50 kafin a taɓa asusun fansho, ta yi togaciya ga wanda likitoci suka tabbatar da gazawarsa. Saboda haka ka kai shahadar likita da takardar ajiye aiki ga kamfanin da ke riƙe da asusunka. In wakilinsu ya ce sai ka jira, to, ya jahilci hukuncin, kuma wajibi ne a ilmantar da irinsa. In ya dage, ka kai ƙara hukumar kula da harkokin fansho, wato PenCom.