Farfaɗo da Tuni Bayan Rauni a Ƙwaƙwalwa

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama cibiyar noman rani a Jihar Kano. A kakar tumatir, hanyar Kano zuwa Zariya kan cika da manyan motoci da babura masu jigilar kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan, kuma ba kowane mai babur ne ke sanya hular kwano ba. Wanda ya faɗi ya bugu a ka yakan warke daga karaya, a sallame shi daga asibiti, amma ya dawo gida da mantuwa. Sau da yawa iyali kan ɗauki wannan a matsayin ganganci ko sammu, alhali rauni ne a ƙwaƙwalwa.

Masana sun nuna cewa tuni ba iri ɗaya ba ne. Akwai tunin abubuwan da suka faru, akwai kuma tunin aiki, wato abin da hannu ya saba. A shekarar 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe daga ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu. Daga nan ya kasa riƙe sabon al'amari. Duk da haka, da Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, sai ya riƙa ƙara gwaninta kullum, ba tare da ya tuna ya taɓa yin aikin ba. Haka manomin da ya bugu zai iya riƙe fartanya, ya ja ruwa daga magudana zuwa fangali, amma ya mance cewa jiya ya yi feshi, ya sake yi, ko ya kasa tuna dillalin da yake bi kuɗi.

A kan abin da ya tsira ake gina horon. Dabara ta farko ita ce koyarwa ba tare da barin majinyaci ya yi kuskure ba, wadda Alan Baddeley da Barbara Wilson suka gwada a shekarar 1994. Mai irin wannan rauni ba ya tuna gyaran da aka yi masa, saboda haka kuskuren ne ke zama. A nan al'adar dubiya ke yin ɓarna ba da niyya ba: mai dubiya ya shigo yana cewa, "Ka gane ni? Wane ne ni?" Majinyaci ya yi canke, ya faɗi sunan wani, sunan ya manne. Abin da ya dace shi ne baƙo ya fara faɗin sunansa, sannan majinyaci ya maimaita.

Dabara ta biyu ita ce bita mai tazara. A faɗi abu, a tambaya bayan daƙiƙa kaɗan, sannan bayan minti ɗaya, sannan biyar, ana tsawaitawa. Idan ya kasa, a ba shi amsa nan take, a koma gajeriyar tazara. Hermann Ebbinghaus ya yi bayanin amfanin tazara a shekarar 1885, sai dai duk wanda ya zauna a tsangaya ya san yadda gardi ke kare haddarsa da tilawa.

Amma abin da ya fi sauƙaƙa rayuwar yau da kullum shi ne abin dogaro na waje: littafin aljihu, da boko ko da ajami, ƙararrawar wayar salula, da ɗaura kowane aiki a kan lokacin salla, kamar shan magani bayan Asuba da rubuta aikin gona bayan La'asar. Haddar jerin kalmomi da wasannin kwamfuta kuwa, gwanintar da suke bayarwa ba ta cika bin mutum zuwa gona ba.

Tambayoyi

1. Bambanta tunin abubuwan da suka faru da tunin aiki, tare da misali daga noman rani.
2. Rubuta gajeriyar hira tsakanin mai dubiya da majinyaci wadda ba ta tilasta masa yin canke ba.