Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Lissafa Hayaƙin Jirgin Alhazai?

Wani mai sauraronmu daga Batsari yana tambaya: jirgin alhazai da ke tashi daga Katsina, wa ke lissafa hayaƙinsa?

To Malam, ba a sama ake auna shi ba, daga man da aka zuba ake ganewa. Duk kilo ɗaya na man jirgi da ya ƙone yana fitar da kusan kilo 3.16 na iskar kabon. Jirgin Katsina zuwa Abuja yana shiga jimillar da Najeriya ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Na Jidda kuwa, tunda ya ƙetare iyaka, daban ake rubuta shi, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ce ke bibiyarsa ƙarƙashin tsarinta na daidaita hayaƙin jirage, wato CORSIA na 2016.

Jiragen duniya duka ba su kai kashi 3 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa a duniya ba. Abin da ya fi damuna yana kusa da kai: itacen da ake sarewa a Dajin Rugu, da buhunan gawayin da ake lodawa a hanyar Safana. Man jirgi yana da rasit, gawayi kuwa sai ƙiyasi da hotunan tauraron ɗan'adam. Nan ya kamata majalisar sauyin yanayi ta Najeriya da dokar 2021 ta kafa ta tura ma'aikatanta su ƙirga.