Ciwon baya da taurin gaɓoɓi: a fara motsa jiki daga kan tabarma

Mai ciwon baya ko sanyin ƙashi yakan ɗauka maganinsa shi ne ya kwanta ya daina motsi. Alhali kwanciyar kwana da kwanaki ƙara sandarar da gaɓoɓi take yi, tsoka ta saki, tsoron motsi ya shige shi. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawarar mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara gwada hanyoyin da ba na shan ƙwaya ba, ciki har da yoga. Wanda ya ga hotunan masu yoga sun nannaɗe kamar gammo zai ce ba da shi ake ba. Amma akwai nau'in da aka tsara domin irinsa. B.K.S. Iyengar, malami a birnin Pune na Indiya, ya shahara da tallafe jikin da ba ya lanƙwasuwa da bargo da matashi da ɗamara, ɗalibarsa Judith Lasater kuma ta yaɗa salon a Amurka. A wannan salo ƙasa da matashi ne ke ɗaukar nauyin jiki, mutum nasa ya saki jiki ya yi numfashi.

A shimfiɗa bargo a kan tabarma kusa da kujera. A kwanta rigingine, a ɗora ƙafafu a kan kujerar yadda gwiwoyi za su lanƙwashe, a sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin kai. Bayan ɗan lokaci za a ji ƙugu ya sauka ya manne da shimfiɗa, kafaɗun da suka ɗage sun kwanta. A shaƙi iska ta hanci a hankali, a bar fitarta ta fi shigarta tsawo, domin hakan na sassauta bugun zuciya. Minti 5 ya isa da farko. Wurin tashi kada a zabura: a mirgina gefe, a dogara da hannu, a zauna tukuna. Jin ɗan ja a tsoka ba laifi, amma zafi mai suka ko mai sauka cikin ƙafa alama ce a dakata.

Wani zai ce ai kwanciya ba motsa jiki ba ce. Yana da gaskiyarsa, don ba ta maye gurbin minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Amfaninta shi ne ta cire tsoro ta kwance jiki har tattaki ya yiwu. Wani kuma damuwarsa addini, tunda tushen yoga na haɗe da addinin Hindu, kuma damuwa ce da ta cancanci amsa. A 2009 Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta wa Musulmi yoga mai ɗauke da ayyukan bauta, ta halatta wadda motsa jiki ce zalla. Ɗora ƙafa a kan kujera babu ambaton kowa a ciki.

Wanda sauka ƙasa ke yi wa wuya ya yi a kan gado mai taurin katifa, da wani a kusa. Mai juna biyu, mai hawan jinin ido, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda aka yi wa aiki a baya ko kwatangwalo, su tuntuɓi likita kafin su fara.