Littafin Cima: Abin da Alƙalami ke Gani a Cikin Kwano

In aka tambayi ɗalibi abin da ya ci jiya, amsar ba ta wuce koko da safe, shinkafa da rana, tuwo da dare. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya manta da fanken da ya saya a bakin ƙofar makaranta, da alawa biyu, da lemon kwalba, da ƙuli-ƙulin da ya yi ta taunawa a hanyar gida. Ƙwaƙwalwa takan riƙe abincin da aka zauna aka ci, ta zubar da wanda aka ci a tsaye. Wannan ne dalilin da masana kimiyyar abinci suka daɗe suna sa mutane su rubuta duk abin da ya shiga bakinsu, a lokacin da ya shiga.

A shekarar 2008 masu bincike na cibiyar Kaiser Permanente a Amurka suka buga sakamakon wani nazari kan mutane kusan 1,700 masu ƙiba, waɗanda aka bi har wata 6 ana ba su shawarar cima da motsa jiki. Waɗanda suka riƙa rubuta abincinsu kullum sun rage nauyi kimanin ninki biyu na waɗanda ba su rubuta ba. Rubutun kansa yana sa mutum ya tsaya ya lura kafin ya kai hannu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki littafin nan tamkar sikeli. A 1992 wasu likitoci a birnin New York suka auna ainihin abin da wasu masu ƙiba 10 ke ci, suka gwada da abin da suka faɗa da kansu. Sai aka tarar sun rage kashi 47 cikin 100 na abin da suka ci, kuma ba da gangan ba. In haka ta faru ga wanda ke da farantinsa shi kaɗai, ina ga wanda ke sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa huɗu? Wa zai ƙirga masa loma? Don haka a ganina ɓata lokaci ne ɗalibinmu ya ce zai lissafa yawan kuzarin da ke cikin malmalar tuwo. Abin da littafin ke nunawa da gaskiya shi ne irin abincin da lokacin cinsa, kuma nan ne matsalar yawancin ɗalibai take. Damuwarsu ba yawan ci ba ce. Cin abu iri ɗaya ne.

A 2016 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani ma'auni mai sauƙi domin mata 'yan shekara 15 zuwa 49. An kasa abinci gida 10: hatsi da doya da makamantansu, wake, gyaɗa da riɗi, nono, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore kamar zogale da alayyafo, masu bitamin A kamar karas da mangwaro da gwanda, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itatuwa. Wadda ta taɓa gida 5 ko fiye a rana, akwai kyakkyawan zaton tana samun sinadaran da jikinta ke bukata. Abin da bai kai giram 15 ba, wato kimanin babban cokali ɗaya, ba a lissafa shi, saboda haka daddawar miya ba ta shiga ƙidaya. Domin mata aka tsara shi, amma namiji ma zai ƙaru da duba cimarsa ta wannan hanya. To, a koma ga ɗalibinmu na farko. Kokon gero, shinkafa, tuwon masara, fanke: sunaye huɗu, gida ɗaya. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai samu abin da yake nema ba.

Ga yadda ake yi. A samu tsohon littafin rubutu, a ja layi huɗu a kowane shafi: lokaci, abin da aka ci ko aka sha, kimanin yawansa da ma'aunin gida (ludayi, kofi, malmala), da yadda jiki ya ji bayan awa 2. A yi kwana 7 a jere, har da Asabar da Lahadi, domin cimar ranar hutu daban take. Kada a canza komai a makon farko, kuma kada a bari sai dare a rubuta.

In mako ya cika sai a zauna a karanta. Wani zai ga cewa duk ranar da ya yi gyangyaɗi a aji, ranar ce ya fito bai karya kumallo ba. Wata za ta ga kullum da shayi take kora abinci, alhali shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga wake da ganye. 'Yan mata kuwa su ne ƙarancin jini ya fi kamawa saboda jinin al'ada. Gyaran ba tsada: a jinkirta shayin awa ɗaya, a ci lemon zaƙi ko gwaiba da abincin, don bitamin C yana taimaka wa tsotsar ƙarfen. Sukari ma zai fito fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, ga shi lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35, tun kafin a lissafa na koko da na shayi. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5 ne, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne.

A mako na biyu sai a ƙara abu ɗaya da aka ga babu, ba a hana kai komai ba: gyaɗa ɗan dunƙule, ko wake a cikin shinkafa, ko kwaɗon zogale.

Malamin da zai ba da wannan aiki a aji ya kiyaye abu biyu. Kada a karanta littafin kowa a gaban jama'a, domin shafin wani yaro zai tona halin da gidansu ke ciki. A tattara adadin gidajen abinci kawai, ba tare da suna ba, a zana a allo. In kuma aka lura wani ɗalibi ya fara tsallake abinci don shafinsa ya yi kyau, ko tsoron ci ya kama shi, a dakatar da shi daga rubutun nan take, a sanar da iyayensa, a kai shi ga ma'aikacin lafiya.